Man Na'ana'a da Kunyar Ɗan Fari

Har yau in na tuna sai dariya ta ƙwace mini, irin dariyar nan da ba ta jin tsawa. Maigidana ya ce in daina ba mutane labarin, tunda duk na fara da dariya sai na ƙare da hawaye. To, na daina faɗa da baki, shi ya sa na zauna zan rubuta.

Lokacin yawon arba'in ɗina ne. Na gama wankan jego, an yi mini kitso da lalle, an ɗinka mini sabuwar atamfa, ana zagawa da jinjiri dangi su gan shi. Mun gama na cikin Jibiya, mun leƙa Daddara, saura babbar tafiya: wurin kakata, wadda ta haifi babana, a wani ƙauye gaba da Ɗan Issa, cikin Nijar. Ta tsufa ba ta iya zaman mota. Ta aiko a gaya mana in ba a kawo mata angonta ta gani ba, za ta kai ƙara a raba auren. Gwaggo, yayar babana, ita aka ɗora wa raka ni, don can aka haife ta, kuma babu wanda bai san ta ba a bakin boda.

Yaron ɗan farina ne. Kuma sunan mahaifin mijina aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta suruki. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunan nan ba. A gaban manya ba na ɗaukarsa sai in nono zai sha, shi ma ina kawar da kai kamar aiki aka sa ni. In ya yi kuka a hannun Gwaggo sai in yi kamar akuyar maƙwabta ce ke kuka, in ci gaba da tsintar shinkafa, alhali hankalina duk yana kansa. Na yi sakandare, na ga ƙawayena suna sa hotunan 'ya'yansu a waya har da zanen zuciya. Amma a gidanmu ba a yi, kuma gaskiya ina jin daɗi in na ji tsofaffi suna cewa, "Ɗiyar nan akwai alkunya." In mun kaɗaita a ɗaki kuwa, Allah kaɗai ya san irin haukan da nake yi masa.

Man na'ana'ar kuma ga yadda ya shigo gidanmu. Bayan haihuwa na riƙa fama da ciwon kai, wanda ke ɗaure goshi kamar an ja ɗankwali an matse. Maigidana ya je Katsina, ya dawo da wata 'yar kwalba mai duhu, tsawonta bai kai ƙaramin yatsa ba. Matar da ke ba da magani a kemis ɗin ta yi masa bayani, shi kuma da ya ga zai manta sai ya buga mata waya ya miƙo mini. Ta ce ɗigo ɗaya a cikin cokalin man zaitun, in shafa a gefen goshi da ƙeya. Ta ce kada in sha, wanda ake sha don kumburin ciki daban yake, a ƙwaya yake zuwa. Kada ya taɓa ido. In ya yi zafi a fata a goge da man girki, ruwa yaɗa shi yake yi. Sai ta sake murya ta ce, "Mai jego, ki ji wannan da kyau. Kada ya kusanci fuskar jariri, ko ƙirjinsa, ko naki ƙirjin. In kin shafa ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi."

Na bi maganarta sau da ƙafa. Kuma man yana aiki. Kana shafawa sai wani sanyi ya ratsa, kamar an buɗe taga a cikin kai, ɗaurin ya saki a hankali. Na saba da shi har na riƙa yawo da shi cikin jaka.

Ranar tafiyar da safe ni tsorona duk yana kan hanya, saboda 'yan bindiga. Wanda ya zauna a Jibiya shekarun nan ya san abin da nake nufi, ba ka shiga mota ba ka yi addu'a ba, kuma idonka na kan daji har ka sauka. Muka sami wata tsohuwar mota mai dogon baya a tasha. A gaba akwai wani dattijo mai fataucin albasa. A baya ni ce, sai Gwaggo riƙe da yaron, sai wata mata daga wajen Bugaje, Kirista, da ɗan gicciye a wuya, za ta kai wa 'yarta gero. Bayanmu kuma buhuna ne da kwandon busasshen kifi.

Muka iso bodar Magama lafiya, muka tarar da layi. Manyan motoci sun jeru, direbanmu ya leƙa ya yi tsaki ya ce, "Kamyo-kamyon nan sai sun gama da mu yau." Bazara ce, rana ta fito da fushi. Mota ta tsaya, iska ta tsaya, warin fetur da na kifi suka haɗu suka zauna a kanmu. Matar Bugaje ta fara haɗiyar miyau. Na ga fuskarta ta canza, ta dafe baki.

"Ƙanwata, matsa mini taga," ta ce. "Zan ɓata miki atamfa."

Atamfata sabuwa! Na yi wuf na zaro kwalbar, na ɗiga ɗigo ɗaya a bakin hankici na ce ta shaƙa daga nesa, don mai kemis ta ce yana kwantar da tashin zuciya. Ta shaƙa, ta rufe ido, ta sake shaƙa. Sai ta buɗe ido tana kallona kamar na yi tsafi.

"Na gode wa Ubangiji. Ƙanwata, mene ne wannan? Aman ya koma!"

Nan kuskuren ya fara, in kuskure ne. A motar haya babu nawa. Goro ne, ruwa ne, gyaɗa ce, duk abin da aka buɗe na kowa ne, kuma yarinya kamata ba ta ce wa dattijo a'a. Mai albasa ya juyo ya miƙo hannu. Na ba shi.

"Baba, ɗigo ɗaya ne fa," na ce.

"Ɗigo ɗaya na yara ne," ya ce. "Ni kaina tun Sallah yake ciwo."

Ya cire hula. Wani sanƙo ya bayyana, sumul, yana ƙyalli kamar sabon faranti. Ya karkata kwalbar a tafin hannu ya girgiza ta kamar mai zuba yaji, ya mulke kan nan tun daga goshi har ƙeya. Direba ya ce shi ma wuyansa ya ƙage, ya karɓa ya shafa. Gwaggo ta gyara yaron a cinya ta ce a miƙo mata nan, gwiwoyinta sun fi na kowa haƙƙi.

"Gwaggo, yana da ƙarfi," na ce.

"Mi? Na'ana'a ce hwa, wadda muke jefawa a shayi. Ke ɗiyan zamani komi sai kun mai da shi allura."

Na so in ce, kada ki taɓa mini ɗa da hannun nan. Maganar ta zo har bakina. Amma ga dattijo, ga direba, ga baƙuwa, ga Gwaggo kanta. Sai na juya ina kallon taga, na ce a hankali, "An ce dai kada a kai shi kusa da yara." Yara! Kamar ina magana kan 'ya'yan mutanen Agadas. Gwaggo ta ce "To," irin to ɗin da ake ce wa mai talla, kunnenta na wajen mai albasa da ke ba ta labarin farashi a Maraɗi.

Ba a jima ba aikin ya fara.

Mai albasa ne ya fara yin shiru a tsakiyar magana. Ya taɓa kansa. Ya sake taɓawa.

"Direba," ya ce, "ka kunna sanyi ne?"

"Wane sanyi, Alhaji? Motar nan ko hon ba ta da shi."

"To wallahi ƙanƙara ke sauka a kaina."

Ya mai da hula. Ya cire ta da sauri ya ce ta ƙara. Ya fara fifita kan da ita, iska ta taɓa, ya yi wani ihu siriri wanda ban taɓa jin namiji mai gemu ya yi ba. Sanyin ya juye zafi, zafin ya juye sanyi, ya rasa wanne zai yi wa salati. Kafin in ce kada, ya fasa ruwan leda ya juye a kai. Ruwan ya kwaso man ya gangaro masa goshi. Hawaye suka ɓalle.

"Inna lillahi! Yarinya, me kika ba ni? Na mutu ko ina raye?"

Direba yana yi masa dariya har da buga sitiyari, ya kai hannu ya share ƙwallar dariya, da hannun da ya shafa man. Shi ke nan, shi ma ya shiga sahu. Gwaggo kuwa ta miƙe ƙafafu tana cewa gwiwoyinta sun tafi Makka sun bar ta. Matar Bugaje, wadda ita kaɗai ta yi yadda aka ce, ta riƙe ciki tana dariya tana cewa, "Ku yi mini rai, aman zai dawo!" Ni ma na rufe fuska da mayafi, kafaɗuna suna tsalle. Rabon da in yi dariya irin wannan tun ina makaranta.

Daidai nan layi ya motsa, wani jami'i ya sunkuyo ta tagar direba. Ya buɗe baki zai yi magana, ƙamshin ya shige shi, ya yi atishawa har hularsa ta goce. Ya dubi motar: dattijo da jiƙaƙƙen kai yana kuka, direba ido ɗaya a rufe yana kuka, mata a baya suna birgima.

"Lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Ranka ya daɗe, magani muka sha," in ji direba.

"Shafawa muka yi," in ji mai albasa. "Da sha muka yi da yanzu ana haƙa mana."

Jami'in ya danne dariya ya ce masu ƙafa su sauko su nuna katin shaida, tsohuwa da jinjiri su zauna. Na sauka, ni da matar Bugaje. Ban ko kalli yaron ba, don kada a ce na kalla. Kwalbar kuma ba ta dawo hannuna ba, tana cinyar Gwaggo.

Muka nuna kati a 'yar rumfar, muka juyo muna ta kwaikwayon ihun mai albasa. Ina dariya na hango motar. Na hango Gwaggo ta sunkuya kan yaron. Yana da 'yar mura tun shekaranjiya, hancinsa yana ƙur-ƙur. Na ga ta dangwala yatsa a bakin kwalba. Abin da ta yi wa babana ne da man zafi, ta yi mini, ta yi wa duk yaran gidanmu in mura ta kama mu: a ƙasan hanci, sannan a ƙirji. Da ƙauna ta yi. Na ce, "Gwaggo," amma tsakaninmu akwai nisa da ƙarar injuna, kuma hannunta ya riga ya isa.

Na ruga. Da na iso taga, idanunsa a buɗe suke, manya. Bakinsa a buɗe, irin buɗewar da yake yi in zai tsala kuka. Amma babu kuka. Babu komai. Ƙirjinsa bai ɗaga ba. Hannuwansa sun miƙe sun sandare, fuskarsa ta yi duhu, leɓɓansa suna komawa launin toka ina kallo. Gwaggo tana jijjiga shi tana cewa, "Kai, kai, mi ne ne? Kai!"

Ban san lokacin da sunan ya fito ba.

Na kira shi. Sunan surukina, cikakke, yadda liman ya raɗa shi, da iyakar muryar da Allah ya ba ni, a tsakiyar boda, gaban kwastan da sojoji da 'yan canji da masu tura baro. Na zura hannu ta taga na fizge shi daga cinyar Gwaggo, yayar ubana, kamar ɓarauniya. Na yi wajen wata bishiyar dogonyaro inda iska take, ina kiran sunan, ina ƙarawa da, "Ɗana! Ɗana!"

Wani ya taho da buta. Muryar mai kemis ta faɗo mini a kunne kamar tana tsaye a wurin. Na ce, "Ba ruwa ba! Mai! Ku ba ni mai!" A gindin bishiyar akwai wata mai tuyar ƙosai. Na nufi kaskonta kai tsaye, da ba ta tare ni da gwiwar hannu ba da na tsoma mayafi a tafasasshen mai. Ta ture ni, ta miƙo galan ɗin da ke gefe, mai sanyi. Na jiƙa bakin mayafina na goge ƙasan hancinsa, daga hanci zuwa waje, na juya wani gefen na sake gogewa. Matar Bugaje ta iso ta yage masa riga, ta goge ƙirjin da zaninta. Na ɗaga shi tsaye a kafaɗata, fuskarsa wajen iska, ina shafa bayansa, ina kiran sunan.

Kuma a cikin wannan tashin hankali, wallahi, wani ɗan canji daga can ya amsa, "Na'am!" Wani direban babbar mota ma ya leƙo ya ce, "Ga ni, wa ke nema na?" Na ji su sarai. Kunne ba ya rufuwa don zuciya ta tsaya.

Ban san tsawon lokacin ba. Mai ƙosai ta ce bai kai a juya ƙosai ɗaya ba. Ni a wurina na tsufa a ciki. Sai na ji jikinsa ya yi wata zabura a kafaɗata, ya ja iska da wata ƙara kamar tsohuwar ƙofar langa-langa, ya sake ja, sannan ya saki kuka.

Kuka! Jama'a, kuka! Irin mai tsaga kunne, wanda fuska ke yin ja, ƙafafu suna harbi. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Mutanen da suka kewaye mu suka ɗauki salati da hamdala, matar Bugaje ta ɗaga hannu sama tana godiya da nata kalmomin, mai ƙosai ta rangaɗa guɗa. Na zauna daɓas a ƙasa da sabuwar atamfata, na rungume shi, na ba shi nono a gaban duniya, ina kallon fuskarsa, kallo na gaske, ba na satar ido ba.

Sai dariya ta zo. Ban kira ta ba. Ta taso daga ciki tana girgiza ni har haƙorana suna haɗuwa. Ina dariya, hawaye na zuba a kan yaron, ina cewa, "Na'am, wai na'am!" Mutane suka fara kallon juna. Matar Bugaje ta durƙusa ta riƙe kafaɗata, ta leƙa fuskata ta ce:

"Ƙanwata, ashe kin san sunansa?"

Shi ke nan ta ƙarasa ni. Ita ma ta zube. Mai ƙosai ta ce, "Ta sani mana, har mutanen Maraɗi sun ji." Mai albasa ya iso da jan ido, kansa na ɗigar ruwa, ya tsaya a kanmu ya ce, "Ni da nake da shekara sittin ya kusa kai ni lahira, ina ga wannan ɗan tsako?" Mai ƙosai ta dube shi ta zuba masa mai a hannu ta ce ya goge sanƙon. Ya goge. Kan ya ɗauki rana, har wani yana cewa a rufe kada ya kashe wa direbobi ido.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Gwaggo ta fito daga mota ta zauna a kan wani dutse, nesa da mu, ta ɗora hannuwa a ka. Ɗankwalinta ya zame, furfura a waje. Ban taɓa ganin kan Gwaggo ba ɗankwali ba.

Jami'in nan mai atishawa ya ce kada mu tsaya murna, mu kai shi a duba. Ya nuna mana ɗan ɗakin shan magani da ke kusa. Ma'aikaciyar jinyar ta sa abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa, ta duba leɓɓansa da cikin hancinsa, ta ce numfashi ya daidaita, amma mu zauna ta ga yadda zai yi. Ta karɓi kwalbar ta shinshina daga nesa. Ta ce sanyin nan da babba ke jin daɗinsa, a hancin jinjiri firgita maƙogwaro yake yi ya damƙe, numfashi ya tsaya. Ta ce ba wannan kaɗai ba, duk wani man shafawa mai irin wannan sanyin a nisanta shi da fuskar ƙaramin yaro. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Gwaggo tana bakin ƙofa tana ji. Ta goge hannunta da man ƙosai, ta wanke da sabulu, ta sake wankewa, ta shinshina, ta sake wankewa, har ma'aikaciyar ta ce, "Mama, ya isa, za ki cire fatar."

Da aka sallame mu, aka ce in na ji numfashinsa yana fito ko ya ƙi nono in nufi asibiti ba tsayawa. Na ɗauka motarmu ta tafi. Ashe mai albasa ya hana. Ya ce albasa ta ruɓe in ta ga dama, ba ya motsawa sai ya ga ɗan tsakonsa.

A bakin mota na tsaya. Bisa al'ada sai in miƙa wa Gwaggo yaron in shiga in kalli taga. Hannuna ya ƙi. Gwaggo ma ba ta miƙo nata ba, ta ɓoye su cikin mayafi. Ta ce, ba ta kalle ni ba:

"Riƙe abinki, ɗiyata."

Haka muka wuce shingen jandarma, 'yan sandan Nijar, yana ƙirjina, yatsana a ƙasan hancinsa ina jin ɗumin iskar tana fita tana taɓa ni. In ya yi shiru da yawa sai in ɗan taɓa tafin ƙafarsa ya motsa. Tagogi duka a buɗe. Can sai direba ya ce, "Amma fa Alhaji, tsakani da Allah, ciwon kan ya tafi?" Mai albasa ya yi lalube a cikin kansa. Ya ce, "Ka san wani abu? Ya tafi." Muka sake fashewa. Har Gwaggo na ji ta yi wani sauti a cikin mayafi, ban san dariya ba ce ko kuka.

Labari ya riga mu isa. 'Yan kabu-kabun boda sun fi waya sauri. Muna shiga gidan muka tarar da kakata zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, mata sun kewaye ta. Ta miƙo hannuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ɗan yi jim, sannan na sa mata shi a cinya, amma ban ja baya ba, gwiwata na taɓa tata. Ta sunkuya ta shinshina shi.

"Wanga ango nawa," ta ce, "turaren ƙosai ya shafo mini? Talaka ne ashe. A mai da shi."

Mata suka kwashe da dariya. Ta juyo gare ni da idanunta da suka yi fari-fari.

"Ke kuma, an ce kin tsaya gaban soja kina kiran surukinki kamar ya ci miki bashi."

Na rufe fuska.

"A'a, buɗe. Ni kunnena ya mutu, ban ji ba. Mi kika ce sunan nasa?"

"Kaka, don Allah."

"Hwaɗi mana. Jandarma sun ji, ni ce ba zan ji ba?"

Na faɗa, a hankali. Yaron ya motsa a cinyarta. Ta yi murmushi ta ce, "To, ya amsa."

Wata daga cikin matan ta zaro kwalbar turare za ta shafa masa a riga, yadda ake yi wa baƙon jinjiri. Ban san na riƙe mata hannu ba sai da na ga yatsuna a wuyan hannunta. Matar kawuna ce, ta girmi mahaifiyata. Kakata ta ce, "Ku bar mata. Yau ta ga abin da ta gani."

Sannan ta ɗaga kai tana neman wani abu a tsakar gidan. Gwaggo tana can jikin katanga a tsugune, ba ta ko gaisa da kowa sosai ba. Ita ce 'yar farin kakata. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunanta ba, kuma ranar ma ba ta kira ba. Ta dai ce, "Ke waccan, taso daga rana." Gwaggo ta taso. Kakata ta matsa mata a tabarma, ta kama hannunta na dama ta shinshina yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce sabulu kawai take ji. Sai ta ɗauki hannun ta ɗora a kan ƙafar yaron ta danne da nata. Gwaggo ta kalle ni. Na gyaɗa kai. Yatsana dai yana inda yake, a ƙasan hancinsa.

Mun dawo gida lafiya. Kwalbar tana can saman kwaba, cikin gwangwani, cikin leda, na ɗaure bakin. Ciwon kan yana zuwa, kuma na san man zai sauke shi, amma tukuna. Ko shayi aka sa wa na'ana'a sai gabana ya faɗi.

Shekaranjiya surukina ya zo duba jikansa. Na shimfiɗa masa darduma na koma bayan labule, ina jin kamar ƙasa ta tsage. Ya ɗauki yaron yana yi masa wasa, ya ce da ƙarfi yadda zan ji:

"Takwara, an ce an yi ta kirana a Magama. Ka ba uwarka haƙuri, ina Katsina ranar, ban ji ba."

Na cusa labulen a baki. Dariyar ta taso. Sai yaron ya yi shiru a hannunsa, shirun da bai kai ƙiftawar ido ba, hamma ce ma ashe zai yi. Kafin ya rufe bakin na riga na fito, ba mayafi, na durƙusa gaban surukina, yatsana a ƙasan hancin ɗana. Iskar ta fito, mai ɗumi, ta taɓa ni.